Muhawara: Wace na'ura sabon shiga zai fara saya a harkar rediyon masu sha'awa?

Abban Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai gyaran waya ne a Kano. Na daɗe ina sha'awar wannan harka da mutum zai zauna a ɗakinsa ya yi magana da wani a wata ƙasa, ba layin waya, ba data. Na ɗan tara abin da ya sawwaƙa. Duk bidiyon da na kalla cewa suke a fara da oba-obar Baofeng UV-5R, amma wani abokina ya ce asarar kuɗi ce. Don Allah masu ilimin abin, me zan fara saya?

Ɗan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Yaya, sayi Baofeng ɗinka kawai. A kasuwannin intanet ba ta wuce dala 25 zuwa 30, tana kama zango biyu, na mita 2 da na santimita 70 (da tsawon igiyar sigina ake kiran kowane zango), ga batir ga caja duk a kwali ɗaya. Ka haɗa ta da kwamfuta ka zuba mata tashoshi da manhajar CHIRP, shi ke nan. Ko ta lalace ba za ka yi kuka ba. Mutane da yawa da ita suka fara.

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Abban Hafsat, kafin a yi maganar saye, amsa mini tambaya ɗaya. Da wa kake son yin magana? Da mutumin unguwarku, ko da na Italiya da Brazil? Domin na'urar da ke yin wannan daban, wadda ke yin wancan daban.

Abban Hafsat:
Baba, gaskiya ƙasashen waje nake buri. Na cikin gari ai waya ta wadatar.

Baba Injiniya:
To madalla. In haka ne, Baofeng ba za ta kai ka ko'ina ba. Oba-oba ce ta hannu, ƙarfinta wat 4 zuwa 5, kuma zangon da take aiki a kai, wato megahaz 144 zuwa 146 da 430 zuwa 440 a rabon da aka ba masu sha'awa a yankinmu, sigina ce mai tafiya miƙe. Inda ido zai iya hangowa, nan take tsayawa, ko ta ɗan zarce kaɗan.

Masu yin bidiyon nan ba ƙarya suke yi ba, sai dai don mutanensu suke yi. A Amurka da Ingila da Jamus kusan kowane gari akwai rifita, na'urar da ake kafawa a kan tsauni ko doguwar hasumiya, ta karɓi 'yar muryarka ta sake watsa ta da ƙarfi. Shi ya sa yaro zai sayi oba-oba da safe, da yamma ya sami abokan hira. Mu a nan wa ya kafa mana? Sayen Baofeng a inda babu rifita kamar sayen waya ne a ƙauyen da babu sabis. Za ka kunna, ka yi ta jin shuu, bayan sati biyu ka jefa ta a durowa, sha'awar ma ta mutu. Wannan mutuwar sha'awar ita nake jin tsoro, ba kuɗin ba.

Malama Ummu Sadik:
Bari in ƙara wa maganar Baba lissafi, tunda abin da nake koyarwa ke nan. In kana tsaye a fili da oba-oba a hannu, eriyarta kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, iyakar hangenta wajen kilomita 5 ne. In ka hau bene ta kai tsayin mita 9, sai ya zama wajen kilomita 12. Wannan a fili fetal ke nan. A cikin Kano da gine-gine da rufin kwano, wani lokaci ko kilomita 2 da ƙyar. Ƙarin wat ba ya gyara wannan sosai, tsayi ne ke gyarawa.

Ɗan Sabon Gari:
Malama na yarda da lissafin. Amma ni da Baofeng ɗina na kama tashar sararin samaniya ta ISS a kan megahaz 145.800 lokacin da suke aiko hotuna. Na sa wayata kusa da lasifikar, manhaja ta fassara ƙarar ta zama hoto. Tashar da ke sama da mu da kusan kilomita 400! Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sabon shiga. Kada a mayar da na'urar kamar ba ta da amfani sam.

Malama Ummu Sadik:
Haka ne ƙanena, kuma hakan ma ya tabbatar da maganar: babu abin da ya shiga tsakaninka da ita, shi ya sa ka ji ta. Amma wucewarta ba ta fi minti goma ba, kuma ba kullum suke aiko hotunan ba. Ba a gina sha'awar shekaru a kan wannan kaɗai.

Baba Injiniya:
Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi, kuma ina roƙon kowa a zauren nan ya saurara. Baofeng ba ta san iyaka ba. Tana iya watsawa tun daga megahaz 136 har 174, sannan daga 400 zuwa sama da 500. A cikin wannan faɗin akwai mitocin jami'an tsaro, da na kamfanoni, da na jiragen ruwa. Wanda bai sani ba zai danna maɓalli ya faɗa kan layin da ba nasa ba. Sannan ku dubi halin da Arewa ke ciki. A tsayar da kai a shingen bincike a ga oba-oba a jakarka, ba takarda, wane bayani za ka yi a saurare ka? Watsa sigina ba lasisi laifi ne a dokar ƙasa. Saboda haka abu na farko da za ka nema ba na'ura ba ce, lasisi ne da lambar kira, wato lambar da za a san ka da ita a iska. Namu na Najeriya suna farawa da 5N. Akwai ƙungiyar Nigeria Amateur Radio Society, wadda take cikin ƙungiyar duniya ta IARU. Ka neme su, su ne za su nuna maka ƙofar da ake bi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar lambarmu 5U ce, kuma hukumar ARCEP ke kula da mitoci. Maganar Baba gaskiya ce, a nan ma ba a wasa da zancen oba-oba yanzu. Na Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST, don 'yan uwa da ke can su sani in sun ji ana kira.

Bazamfare:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, mun yi makonni ba mu ji ɗuriyar iyayenmu ba. Tun daga nan nake tunanin in sayi guda biyu, ɗaya a wurina a Gusau, ɗaya a ƙauye. Shin wannan harka za ta yi mini wannan aikin?

Baba Injiniya:
Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ɗana. Na fahimci ciwon, amma ba zan ɓoye maka ba. Lasisin mai sha'awa na mutum ɗaya ne, kuma da masu lasisi irinsa kawai zai yi magana. Wanda ke ƙauye shi ma sai ya yi nasa. Ba a yin cinikayya a kai, ba a sa kiɗa, ba a magana a dunƙule don ɓoye ma'ana, kuma dole ka riƙa faɗin lambar kiranka. Duk mai irin wannan rediyo zai ji abin da kuke faɗa, nagari da mugu. A irin wancan lokaci kuwa, ajiye wa tsoho oba-oba a ƙauye jawo masa zargi ne daga ɓangare biyu. Ni ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Bazamfare:
Na gode Baba. Ban taɓa duba ta wannan fuskar ba.

Abban Hafsat:
To Baba, kafin lasisin ya fito zama zan yi hannu rabbana?

Malama Ummu Sadik:
A'a, sauraro za ka fara, kuma a nan ne ni nake ganin kuɗin farko ya kamata su tafi. Akwai 'yar na'ura kamar filas da ake kira RTL-SDR. Ka nemi samfurin V4 na RTL-SDR Blog, kuɗinta bai fi na Baofeng da yawa ba. Ka soka ta a kwamfuta ko wayar Android, ka ɗaura mata doguwar waya a matsayin eriya. Tana kamawa tun daga matsakaicin zango har sama da megahaz 1,700, kuma ba ta watsa komai, karɓa kawai take yi. Abin da ya fi burge ni, ganin siginar kake yi a allo tana zubowa, ka ga inda ake hira, ka ga inda hayaniya take. Ɗalibaina sun fi gane darasin igiyar rediyo a rana ɗaya da ita fiye da zangon karatu guda a kan allo.

In ma ba ka son kashe ko sisi yau, buɗe WebSDR na Jami'ar Twente da ke Holan a wayarka, rediyo ce da ake saurare ta intanet, ka je megahaz 14.200, ka ji yadda ake gaisawa da yadda ake karanta lambar kira.

Alhaji Mai Shayi:
Ni fa tun ina yaro nake jin BBC da Jamus da Muryar Amurka a gajeren zango. Rediyona Kchibo tana nan garau. Ba za ta kamo waɗannan mutanen ba?

Baba Injiniya:
Alhaji, za ta kamo su amma ba za ka gane abin da suke faɗa ba, murya za ka ji a dagule. Gidajen rediyo da tsarin AM suke watsawa, su kuwa masu sha'awa da SSB, wanda ke yanke rabin siginar don a yi tattalin ƙarfi. Sai rediyon da aka rubuta SSB a jikinta, irin Tecsun PL-330 ko PL-660 ko XHDATA D-808. SSB iri biyu ne, LSB da USB, kuma ƙa'idar ita ce ƙasa da megahaz 10 a sa LSB, sama da haka a sa USB. Ga wanda ba ya son harkar kwamfuta, irin wannan rediyon ta fi masa RTL-SDR sauƙi, kuma ga labaran asuba ba za su wuce ka ba.

Mazaunin Ingila:
Na karanta duka. Ni ina da lasisi a nan, kuma zan ɗan saɓa wa masu cewa a yi ta lallaɓawa. Wanda ya san burinsa gajeren zango ne, wanda shi ke kai murya ƙasashen waje, ya daure ya tara ya sayi Icom IC-7300 sau ɗaya ya huta. Tun da ta fito a 2016 ta zama abin da ake auna sauran da shi. Wat 100, allon ganin sigina, tuna (na'urar daidaita eriya da rediyo) a ciki, kebul ɗaya na USB zuwa kwamfuta. Sayen ƙanana ɗaya bayan ɗaya a ƙarshe ya fi tsada. Araha ba ta ado.

Mai Sola:
Yallaɓai, a Ingila wuta ba ta ɗaukewa. IC-7300 ta haura dala 1,000 kafin kuɗin jirgi da kwastan, ka juya wannan zuwa naira ka gani. Sannan rediyon wat 100 tana iya jan har amfiya 21 zuwa 23 a kan bolt 13.8 lokacin da kake magana. Wannan sai babban batir da kebul mai kauri. Ita kuwa Xiegu G90 wat 20 ce, abin da take ja bai wuce amfiya 8 ba, kuɗinta tsakanin dala 400 da 500, kuma tunar da ke cikinta kusan kowace waya ka ba ta sai ta daidaita. Ƙaramin batirin lithium irin LiFePO4 zai riƙe ta tsawon yamma. Ga mai gyaran waya a Kano, ni G90 zan nuna masa.

Mazaunin Ingila:
Wat 20 a SSB wahala ce. Zai yi ta kira ba a jin sa, sai ya karaya. Allonta ma ɗan ƙarami ne. In kuɗi ne matsalar, ga Yaesu FT-891, wat 100, ta fi IC-7300 araha nesa.

Mai Sola:
FT-891 ba ta da tuna a ciki, sai ka sake saye. Kuma jan wutar na nan.

Baba Injiniya:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, amma a wannan gaɓar ina bayan Mai Sola, ga dalilina. Tsakanin wat 20 da wat 100, a kunnen mai sauraro bambancin desibel 7 ne, wato ɗan abin da ya ɗara mataki ɗaya a ma'aunin sigina. Ana jin sa, amma ba shi ne tsakanin rai da mutuwa ba. Na biyu, kai da ke Ingila lambarka ɗaya ce cikin dubbai, dole ka yi ihu kafin a kula ka. Mu kuwa 5N da 5U ba mu da yawa a iska. Ranar da ɗan Kano ya kira a zangon mita 20 ko na mita 15, Turawa ne za su juyo da manyan eriyoyinsu su yi masa rubdugu, kowa na son ya rubuta Najeriya a littafinsa. Eriyarsu ce za ta yi rabin aikin.

Sannan ga FT8, tsarin da Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Kwamfuta ce ke aika ɗan gajeren saƙo duk daƙiƙa 15, kuma tana tsamo siginar da kunne ba ya ji sam. A megahaz 14.074 da wat 20 za ka zagaya duniya. Ni dai ba ya gamsar da ni, don na fi son in ji muryar mutum mu gaisa in tambaye shi iyali, amma ga sabon shiga yana nuna masa tun daren farko cewa eriyarsa na aiki.

Ɗan Damagaram:
Baba, a yi maganar na hannu mana. Wani ya kawo mini tsohuwar Icom IC-718 daga waje.

Baba Injiniya:
IC-718 doki ce mai juriya, ba ta da tarkace. Amma na hannu sai da ido. Kada ka biya sai an kunna ta a gabanka an auna ƙarfin da take fitarwa a kowane zango, domin abin da ya fi ƙonewa shi ne transistocin ƙarshe, kuma rediyon za ta ci gaba da karɓa lafiya lau kamar ba abin da ya same ta. A kula da waɗanda aka yi don kasuwar Japan: IC-7300M wat 50 ce, IC-7300S wat 10, fuskarsu iri ɗaya da ta wat 100. Oba-oba masu sunan Icom kuma jabunsu sun cika kasuwa, kamfanin da kansa ya sha yin gargaɗi.

Abban Hafsat:
Kowa na ta ambaton eriya. Nawa ake sayar da mai kyau?

Baba Injiniya:
Ba saya za ka yi ba, haɗawa za ka yi da hannunka, kai da kake wuni da dalma. Ka raba 143 da adadin megahaz ɗin da kake so, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. Ta zangon mita 20, a megahaz 14.2, tsawonta mita 10 da 'yan kai, ka yanka biyu, kowane hannu mita 5 da ɗan ƙari don gyara. Wayar wuta ta gida ta isa. Kebul mai raga da zai tafi rediyo, ka haɗa tsakiyarsa a hannu ɗaya, ragar a ɗaya hannun. Ka ɗaga ta iyakar iyawarka, mita 10 in da hali, ko 6 ko 7 ma za ta yi aiki. Tana watsawa ne ta gefenta, ba ta bakinta ba, don haka in ka shimfiɗa ta gabas da yamma, ta fuskanci Turai ke nan. Ta zangon mita 40 ninki biyu ce, mita 10 kowane hannu, kuma ko ba ta yi sama sosai ba da rana za ta haɗa ka da garuruwan da ke nesa da ɗaruruwan kilomita, irin Kano da Damagaram.

Abin da zan ce ka saya shi ne NanoVNA, 'yar na'urar awo. Da ita za ka ga inda eriyar ta daidaita, ka riƙa datse bakin wayar kaɗan-kaɗan har SWR, wato ma'aunin daidaituwar eriya da rediyo, ya sauko ƙasa da 2. Na sha ganin mai rediyo mai tsada da eriyar banza yana zaune shiru, mai ƙaramar rediyo da waya a sama yana ta hira.

Mai Sola:
In ƙara abin da ba a faɗa a bidiyon Turawa. Babban abokin gabarka a gida shi ne inbata, da na'urar cajin sola, da ƙwan LED masu araha, da cajar waya. Duk suna zubar da hayaniya a gajeren zango. Kai kuma shagonka cike yake da caja. Kafin ka kashe kuɗi a kan babbar rediyo, ka gwada da RTL-SDR a gida: kunna inbata ka duba allo, kashe ka sake dubawa. In hayaniyar daga maƙwabta take, gara ka sani tun yanzu. Rediyon kuma ka ba ta wuta kai tsaye daga batir, da fis a kusa da kan batirin.

Malama Ummu Sadik:
Da damina kuma a cire kebul daga jikin rediyo a ajiye shi waje da zarar hadari ya haɗu, ba sai an fara tsawa ba. Da hunturu ma iska mai ƙura tana tara wa doguwar waya caji, har ka ji tana tas-tas. In ba ka amfani da ita, cire. Kuma don Allah kada a ɗaura eriya kusa da wayar wutar lantarki, ko a ce ai ba a kawo wuta ba.

Ɗan Sabon Gari:
Ba wanda ya ambaci QO-100. Tauraron Katar ne, Es'hail-2, an harba shi a Nuwamban 2018, yana tsaye wuri ɗaya kusa da inda ake juya dish don tashoshin Arabsat, kuma ya rufe Afirka gaba ɗaya har Brazil da Indiya. Da dish na talabijin da LNB, wato kan da ke gaban dish ɗin, da RTL-SDR ɗin nan za ka ji ana hira dare da rana, ba ruwanka da yanayin sama.

Baba Injiniya:
Wannan shawara ce mai kyau, ɗana, ta fi ta farkon. Saurarensa da sauƙi. Aikawa ce sai an shirya, don a gigahaz 2.4 ake hawa, a sauko a 10.489, sai ƙarin na'urori. A bar shi zuwa shekara ta biyu. Mai son haɗa rediyo da hannunsa kuma ya duba uBITX ta Ashhar Farhan daga Indiya, ko ƙananan na'urorin QRP Labs na Hans Summers. Amma kada ta zama rediyonka ta farko, don in ba ka ji kowa ba, ba za ka san ko laifin haɗinka ne ko na eriya ba.

Mazaunin Ingila:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, wanda ya fara da G90 zai nemi wat 100 kafin shekara biyu. Amma zancen hayaniyar inbata da farin jinin 5N, wannan na karɓa.

Abban Hafsat:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Zan yi odar RTL-SDR da NanoVNA, in nemi mutanen ƙungiyar kan lasisi, sauran kuɗin in ci gaba da tari. Tambaya ta ƙarshe Baba: kebul ɗin eriya na RG-58 na da wuyar samu a nan, amma kebul ɗin dish yana ko'ina. Zai yi?

Baba Injiniya:
Zai yi. Na dish, wato RG-6, ma'auninsa om 75 ne, rediyo na son 50, amma ita eriyar da na kwatanta maka tana kusa da 70, don haka bambancin ba zai dame ka ba, musamman a wat 20. Sai dai ragarsa galibi alminiyom ce, ba ta kama dalma, kada ka ɓata lokacinka. Ka sa masa kan F irin na dish, ka nemi adafta zuwa SMA don RTL-SDR, daga baya PL-259 don babbar rediyo. Wajen da ya haɗu da eriya ka naɗe kebul ɗin zagaye 8 zuwa 10 a kan bututun roba, sannan ka rufe mahaɗin da salatif sosai saboda ruwa. In ka ɗaga ta, ka turo mana hoton allon NanoVNA kafin ka yanke ko santimita ɗaya.